Yanar ido tana da magani, kuma maganin yana asibiti

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar nan, tun daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya san yadda ido ke fitar da mutum daga rumfarsa sannu a hankali. Da farko mai atamfa zai daina rarrabe launi idan rana ta yi sanyi. Mai sayar da hatsi za ta fara kiran jikarta ta duba mata ko takardar da aka miƙo ta jika biyu ce ko ta jika biyar. Daga nan a fara cutar mutum a canji, littafin bashi ya gagara karantuwa, masu ciniki su koma rumfar maƙwabci. Wata rana sai ka tarar da wani a wurin, ka tambaya, a ce da kai ai idon Alhaji ya tafi, ko kuma Hajiya ta zauna gida, tsufa ne. Sai a yi addu'a a wuce.

Mu a wannan shafi muna cewa da yawa daga cikin waɗannan idanu ba su tafi ko'ina ba. Yana ce ta rufe su, wadda likita ke kira katarak, kuma ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 94 ne ganinsu ya raunana ko ya ɗauke saboda ita. Abin takaicin shi ne wannan makanta tana da magani, aikin da ba ya wuce rabin awa, wanda a cikinsa ake dasa wa mutum ɗan madubin roba a cikin ido, washegari a kwance masa bandeji ya ga ƴaƴansa.

Sunan da muka ba cutar shi ne farkon abin da ke ruɗar da jama'a. Idan Bahaushe ya ji yana, sai ya tuna wadda ke kwanciya a kan kunu ko madara, wadda ake yaye ta da ludayi. Saboda haka yake zaton wani abu ne ya shimfiɗu a kan idon, wanda za a iya karcewa ko a narkar da shi da maganin ɗigawa. Alhali abin a ciki yake. A bayan baƙin ido akwai wata ƴar ƙwaya garai kamar ruwa, girmanta bai kai na ƙwayar wake ba, ita ce madubin ido, ita ke tattara haske ta kai shi can bayan ido inda ake gani. Idan shekaru suka ja, wannan ƙwaya takan dishe, ta yi fari ko ruwan ƙasa, kamar yadda farin ƙwai ke rikiɗewa idan ya ji wuta. Ciwon suga yana gaggauta abin, haka shan taba, da buguwa a ido, da daɗewa cikin hasken rana, wanda ba sai mun gaya wa mai talla a bakin tasha yawan da take sha ba. Kuma kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye, har yau babu ruwan ɗigawa, babu ƙwaya, babu tozali ko saiwa da aka tabbatar tana mayar da madubin da ya dishe. Hanya ɗaya ce: a cire shi a sa wani.

Wannan sa wani ɗin shi ne abin da ya sauya komai. Cire yana ba sabon abu ba ne, wani likitan Faransa mai suna Jacques Daviel ya fara shi tun wajen shekarar 1750. Amma idon da aka cire wa madubi aka bar shi haka nan, haske kawai yake gani da giftawar mutane, sai an ɗora masa wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Manyanmu sun san irin wannan tabarau. Sun kuma san cewa ranar da ya fashe ko ya ɓace, mai shi ya koma gidan jiya. Shi ya sa har gobe wasu tsofaffi ke cewa wane ya je an yi masa aiki amma bai ga komai ba. Gaskiya suka faɗa, amma labarin wancan zamani ne.

Wanda ya fara dasa madubi a cikin ido wani likitan Ingila ne, Harold Ridley. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idanunsu, idon ba ya ƙin wannan roba, tana zaune lafiya ba kumburi. Sai ya sa aka sassaƙa masa madubi da irinta. A watan Nuwamba na 1949, a asibitin Saint Thomas da ke Landan, ya yi aikin da aka ɗauka a matsayin na farko a tarihi. Abokan aikinsa sun daɗe suna sukarsa, suna cewa ganganci ne a bar baƙon abu cikin ido, sai da aka yi shekaru kusan talatin kafin duniya ta rungumi abin. Mutumin nan ba baƙon yankinmu ba ne ma: ya yi aiki a arewacin Gana a zamanin yaƙin, inda ya yi bincike kan makantar bakin kogi, cutar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairu na 2025 cewa Nijar ta kawar da ita, ƙasa ta farko a Afirka da ta yi hakan.

Ko bayan an yarda da madubin, talaka bai same shi ba, don tsada. Sai a 1992 wani asibitin ido na Aravind da ke garin Madurai a Indiya ya buɗe masana'antarsa mai suna Aurolab, a 1994 kuma gidauniyar Fred Hollows ta buɗe wasu a Eritrea da Nepal. Madubin da ake saye wajen dala 100 ya faɗo ƙasa da dala 10. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kada wani ya je asibiti da ƴan canji ya ce mu muka faɗa. Ƴan kasuwa sun fi kowa gane wannan darasi: kaya idan suka yawaita, farashi ya sauka. Yau madubin ba shi ne mai tsada a cikin aikin ba.

Ga yadda aikin yake, domin jita-jita ta yi yawa. Ba a ƙwaƙule ido a ajiye a faranti a gyara a mayar. Ba a sa wa kowa idon akuya ko na rago. Babba ba a ma sa shi barci galibi, ana kashe zafin wurin ne da allura a gefen ido ko da maganin ɗigawa, mutum yana jin maganar likita. Ana yin ƴar ƙaramar kafa a gefen ido, a fitar da madubin da ya dishe, a bar ƴar jakar da yake zaune a ciki, sannan a zura na roba a cikin jakar. Faɗin tsakiyarsa milimita 6 ne, yana da ƴan hannuwa biyu da ke riƙe shi kada ya motsa. A wasu asibitoci ana fitar da tsohon madubin ɗungurungum da hannu, a wasu kuma da na'urar da ke farfasa shi ta tsotse, dabarar da wani Ba'amurke Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967. Duka biyun suna ba da gani mai kyau idan hannun ya ƙware. Madubin ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba a cire shi a wanke, mutum ba ya jin yana nan, kuma da shi zai ƙare rayuwarsa.

To me ya sa har yanzu ake jan tsofaffinmu da sanda? Wani ɓangare na amsar yana zuwa ranar kasuwa da jaka a kafaɗa. Muna nufin masu kwantar da yana na gargajiya. Aikinsu shi ne su soka wani tsinke a ido su ture madubin da ya dishe ya faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shigo, mutumin da ya shekara a duhu ya ga an ɗaga masa yatsu, ƴan kallo su yi kabbara, a biya kuɗi ko a ba da akuya. Kafin mako ya zagayo mai tsinke ya yi gaba. Abin da ya bari shi ne ido marar madubi, wanda ba zai ƙirga kuɗi ba, da kuma tsohon madubi yana yawo a inda bai kamata ba. Daga nan kumburi, ko ƙwayar cuta daga tsinken da ba a dafa ba, ko hawan ruwan ido, ko ɓallewar fatar gani ta baya. Da yawa sukan ƙare da ciwo mai hana barci da makantar da babu likitan da zai iya gyarawa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi babban bincike kan makanta a faɗin ƙasarsu tsakanin 2005 da 2007, suka tarar cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, wajen 4 cikin 10 masu tsinke ne suka taɓa su, abin ya fi yawa a arewa, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba sa gani yadda ya kamata. Iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ba ta tare mai jaka.

Ba mu ce mutanenmu wawaye ne da suke zuwa wurinsu ba. Mai tsinke yana zuwa har ƙofar gida, yana magana da harshen da tsohuwa ke ji, yana karɓar biya kashi-kashi, ba ya ce mata ta dawo jibi ta bi layi. Asibiti kuwa yana birni, sai an biya mota ta mutum biyu, an nemi masauki, an rufe rumfa kwana uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ɗan kasuwa ya san arahar da ke cinye uwar kuɗi. Yana idan aka bar ta, likita zai iya cire ta ko bayan shekara. Idon da tsinke ya lalata ya tafi ke nan.

Akwai wata ɓarnar da ta fi kusa da mu, don a cikin kasuwa ake yin ta. Ƴan kwalaben maganin ɗigawa da ake sayarwa a kan tire, a rana, ba takardar likita, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, irin su deksametazon. Mai saye ya ji daɗi, ya mayar da shi abin kullum. Wannan sinadari idan aka daɗe ana ɗiga shi yana jawo yana da kansa, yana kuma tayar da ruwan ido har ya kashe jijiyar gani. Muna kira ga ƴan uwanmu masu wannan sana'a su ji tsoron haƙƙin mutane su fitar da maganin ido daga cikin kayansu, shugabannin kasuwa kuma su sa baki.

Dole kuma mu faɗi iyakar abin, kada a ɗauka madubin roba yana warkar da kowace makanta. Hawan ruwan ido, wanda likita ke kira gulokom, jijiya yake ci a ɓoye ba tare da ciwo ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. Amodari yana juya gashin ido ya karce baƙin ido har ya bar hakiya, wannan aikinsa daban. Ciwon suga yana ɓata bayan ido. Mutum yana iya haɗa yana da ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa wani a yi masa aiki ya ga allura, wani kuma ya samu rabin gani. Likita na gari yakan faɗa wa mutum wannan tun kafin ya kwanta. Ba mai iya rarrabe su da kallon ido a rumfa, sai da awo. Kuma tsohuwar maganar nan ta a bari yana ta nuna tukuna, ta zamanin da ce. Idan ta fara hana ki sana'arki, lokaci ya yi. Wadda aka bari ta wuce kima tana iya kumbura ta tayar da ruwan ido, ta rufe ƙofar gyara. Yaro kuwa, ko jariri ne, idan aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kai shi a makon nan, don idon yaro idan bai koyi gani da wuri ba ba ya koya daga baya, kuma wani lokaci wannan farin alamar ciwon daji ce.

Tun da muna maganar dasa madubi, akwai wani iri na biyu da masu zuwa Dubai da Indiya da Masar neman lafiya suka fara kawo labarinsa. Shi ba na yana ba ne. Na matasa ne masu raunin hangen nesa mai tsanani, waɗanda ba sa rabuwa da tabarau mai kauri. Ba a cire musu madubinsu na halitta, ana zura wani siriri mai laushi ne a gabansa, kamar an shigar da tabarau cikin ido. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wanda ake kira ICL a 2005, da sabon samfurinsa a 2022, ga masu shekaru 21 zuwa 45 waɗanda awon idonsu ya tsaya wuri ɗaya. Yana aiki, ana kuma iya cire shi. Amma yana da tsada ƙwarai, yana iya tayar da ruwan ido ko ya jawo yana da wuri, kuma yana son a riƙa komawa awo har tsawon rai. Mai hali da zai yi, ya tambayi kansa wa zai duba shi idan ya dawo gida. Ga mafi yawan masu wannan matsala, tabarau da aka auna da kyau ya wadatar. Mu dai ba shi ne damuwarmu ba. Damuwarmu tsohuwar da ke zaune a ɗaki, da yarinyar da aka cire daga makaranta don ta riƙa jan ta.

Wannan yarinya ita ce asarar da ba a lissafawa. Makaho ɗaya a gida, mutum biyu ne suka bar aiki. Idan an yi lissafi irin na kasuwa, kuɗin aikin ido ba kashewa ba ne, mayar da jari ne. Mata suna zubin adashe don biki da kayan ɗaki, ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna haɗa gudummawa idan gobara ta tashi ko an yi rasuwa. Me zai hana kowace ƙungiya ta ware wani abu a asusunta don kai tsofaffinta awon ido, ko da sau ɗaya a shekara, bayan kaka lokacin da hannu ke da ɗan nauyi? Ranar Alhamis ta biyu ta watan Oktoba ita ce ranar gani ta duniya, ta dace da wannan. Wuraren zuwa suna nan: manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram, asibitocin ido na Makka a Yamai da Maraɗi, da sassan ido na asibitocin jihohi. Attajiran da ke neman inda za su yi alheri, ga wuri.

Ga hukuma kuma muna da magana. Muna yaba ayarin likitoci da ke zuwa yin aiki kyauta, mutane da yawa sun ga haske ta dalilinsu. Amma yana ba ta jiran ayari. Likitocin ido a ƙasar nan kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane, alhali masu yana suna karkara. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin ido a kowace gunduma wanda zai iya gane yana ya tura, da kayan aiki da ba sa yankewa, da farashi a rubuce a bango wanda kowa zai gani. Sannan a daina auna nasara da yawan idanun da aka yanka. A 2021 ƙasashen duniya suka amince a babban taron Hukumar Lafiya cewa kafin 2030 za a ƙara maki 30 cikin ɗari na masu samun aikin yana, kuma wanda za a ƙirga shi ne wanda ya gani sosai bayan aikin. Wannan yana nufin a auna kowane ido kafin a zaɓa masa madubi, don ƙarfin madubi iri-iri ne kamar lambar takalmi, wanda ya dace da wane ba lalle ya dace da wance ba. Yana kuma nufin idan ayari ya tafi, a bar wanda zai duba mutane bayan mako ɗaya da bayan wata. Tsoho ɗaya da ya koma ƙauye da ido a lalace ya isa ya hana mutum hamsin zuwa, ya kuma buɗe wa mai tsinke kasuwa. Shi kuma mai tsinke, lokaci ya yi da sarakuna da masu unguwanni da magadan gari za su hana shi shimfiɗa tabarma a kasuwanninsu.

Rabin nasarar aikin kuwa yana hannun mai ido da iyalinsa. Maganin ɗigawa da aka rubuta a saye shi a farmasi, a ɗiga shi kan lokaci har ya kai makonnin da aka ce, da hannu wankakke. Kada a murza ido, kada a sa tozali ko wani haɗi na gida, kada ruwan wanka ya shiga. Hajiya ta haƙura da daka da ɗaukar kaya da hura wuta na ɗan lokaci, ta nisanci ƙurar kasuwa, musamman a lokacin hunturu, har likita ya ba da izini. Kwana ashirin na rufe rumfa ba su kai shekara goma a ɗaki ba. Idan ido ya yi ja, ya fara ciwo, ko gani ya ragu bayan ya buɗe, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa tun farko don a daidaita shi kafin aiki. Wanda aka yi wa aiki yana iya bukatar ɗan tabarau na karatu ko na zura zare, wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ce. Wani kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya ga hazo ya dawo, ya ce yana ta sake fitowa. Madubin roba ba ya yin yana. Ƴar jakar da ke riƙe da shi ce ta dishe, kuma ana buɗe ta da hasken leza cikin ƴan mintoci, mutum yana zaune a kujera, ba yanka ba ɗinki.